Idon Kaka da Tagar Kwali

Tibati,
Lahadi, tsakiyar damina.

Zuwa ga Goggona, Goggo Astajam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yarki Jaratu ce ke durƙusawa daga nesa tana gaishe ki, gaisuwar girmamawa da kewa mai yawa. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ki lafiya, ke da maigidanki Bappa Hayatu da yara gaba ɗaya, ya sa wa shagonku albarka, ya kuma raba ki da ciwon gwiwar nan da kika ce yana tasowa duk lokacin da ruwan Libreville ya yi yawa. Mu ma nan lafiya muke, alhamdu lillahi. Ruwa kullum sai ya sauka, masarar bayan gida ta yi goyo, jar saniyar nan da kike so ta haifi maraƙi mai fari a goshi, don haka nono ya wadata har mahaifiyata Nenne tana aika wa maƙwabta. Murar da ta kama Nenne ta sake ta. Baba yana nan yana fama da garke, ni kuma muna hutun makaranta.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya. Goggo, kin san halina. Da an miƙo mini waya sai harshena ya yi nauyi, in rasa abin faɗa sai lafiya lau da na gode. Ranar da kika kira Baba kika ce bayan Babbar Sallah za ki zo ki tafi da Kaka, ya zauna a wurinki ya ga likitoci ya huta, ina tsaye bayan labule ina jin komai. Na so in fito in yi magana, na kasa. Shi ya sa na zauna na rubuta, don a takarda ba wanda yake kallon fuskata. Ki yi haƙuri idan ta yi tsawo, kuma ki gafarta mini shiga maganar manya.

An faɗa miki Kaka ya tsallake suna a sanarwar da ya karanta a rediyo, kuma gaskiya ne, amma bari in ba ki labarin yadda na gan shi. Sanarwar auren Dudu ce, mai ɗinkin nan da take ɗinka mini kayan makaranta. Alhaji Hamagabdo shi ne kawunta, shi zai ba ta karsana kamar yadda aka saba. Ranar da za a karanta sanarwar sai da ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa, aka dafa shayi, aka kife turmi aka ɗora rediyo a kai, abokansa na kasuwar shanu suka zauna don su ji an ambaci gidansa. Kaka ya fara jero dangi kamar kullum, yana duba takardar da aka rubuta da Faransanci yana juya ta Fulatanci nan take. Ya kira gidan uban amarya, ya kira dangin ango na Banyo da na Ngaundere, har maƙwabcin da bai haɗa komai da su ba sai katanga an kira shi. Gidan kawun amarya shiru. An ce Alhaji ya kashe rediyon da hannunsa, ya ce tunda shi ba kowa ba ne a auren, karsanarsa ma ba kowa ba ce, ta zauna a garke, shi kuma ba zai taka wurin ba. Aka ɗage biki. Dudu ta yi kuka har idonta ya kumbura, ta kasa zura zare a allura.

Nan gari ya ɗauka. Wasu suka ce da gangan Kaka ya yi, wai akwai tsohuwar jiƙaƙƙa tsakaninsa da Alhaji a kan wani mashayin shanu tun kafin a haife ni. Don ya kashe wannan maganar ne Baba ya je ba da haƙuri. Niyyarsa mai kyau ce, Goggo, ba ƙararsa nake kawowa ba. Amma abin da ya faɗa a gaban mutane shi ne a yafe wa tsoho, kansa ya fara juyewa, wai wani lokaci ko sunan jikokinsa sai ya lalubo. Alhaji ya ɗan sauko, ya ce in haka ne Allah ya sawwaƙe, amma dai shi ba a kira shi ba har yanzu. Maganar Baba kuwa kafin la'asar ta zaga kasuwa ta dawo gida ta sami Kaka. Ya cire shuɗiyar rigar nan da yake sawa idan zai je rediyo, ya rataye ta a ƙusa, bai ƙara taɓa ta ba. Da aka kai shi asibiti a duba idon, ya karanta allon har ƙananan baƙaƙen ƙasa, aka ce tabaransa ba abin da ya same shi. Sai Baba ya ce to shi ke nan, tunda ba ido ba ne, kai ne. Ya kira ki. Nenne ta sauko da akwati daga kan kabad ta goge shi.

Ba ki ga yadda Kaka ya koma ba. Mutumin da tun yana koyarwa a makaranta yake zuwa rediyo, wanda ba a haihuwa ko aure ko rasuwa a garin nan sai ta bakinsa mutane suke yarda abin ya tabbata, sai ga shi zaune a baranda yana kallon ruwa yana zuba daga kwano. Ya daina tsokanata. Kin san yadda yake kirana Sunkuyau don ba na ɗaga kai, yana cewa ni ce amaryarsa amma sai na koyi dama kunu ba gudaji zai biya sadaki. Duk ya bari. In na kai masa abinci sai ya ce Allah ya yi albarka kawai, kamar baƙuwa.

To, yanzu sai na faɗi abin da zai sa ki yi mini dariya. Kin san littattafan soyayyar nan na hannu da ake shimfiɗawa a tasha, waɗanda Nenne take cewa su za su sa in ƙona tuwo wata rana. Wata la'asar ana ruwa ina zaune a ƙasa kusa da kujerarsa, na sa ɗaya a cikin littafin labarin ƙasa ina ta karantawa, ina zaton ba ya lura. Sai kawai na ji an zare shi ta sama. Ya juya bangon, ya ce ashe labarin ƙasar zamani da mace da namiji ake zana shi, su a lokacinsu koguna da duwatsu ne. Na rufe fuska da mayafi, ji nake kamar ƙasa ta tsage. Amma can cikin raina daɗi na ji, don rabona da jin ya tsokane ni tun kafin abin ya faru. Ya gyara tabarau, ya yi gyaran murya irin ta rediyo, ya ce bari ya yi wa jama'ar Tibati da kewaye sanarwar abin da Sunkuyau take karantawa. Ya fara karantawa da ƙarfi, yana lanƙwasa murya kamar mace.

Labarin wata 'yar mai gidan burodi ne da maza biyu suke so, ɗaya matuƙin jirgin ruwa, ɗaya malamin makaranta. A littattafan nan, Goggo, komai a ido ake gane shi. In mutum yana so, ido ne zai tona shi, in ƙarya yake yi ma haka. Ni kuwa ban taɓa iya kallon idon kowa ba, sai dai a takarda. Amma ranar ina ƙasa yana sama, hankalinsa yana kan littafi, sai na leƙa ta gefen mayafi na kalli idonsa ta ƙarƙashin tabarau. Shafin kuma na riga na karanta shi har na kusa haddacewa, don haka na san abin da ke rubuce.

Abin da na gani shi ne idon Kaka ba ya bin layi a jere yadda nake jin nawa yana yi. Sai ya sauka a kan kalma ya daɗe a wurin, kamar mai tsayawa gaisawa da wanda ya sani amma yana son ya tabbatar shi ne. Daga nan, kamar don ya rama lokacin da ya ɓata, sai ya yi dogon tsalle ya haye ƙananan kalmomi biyu ko uku bai dube su ba. Bakinsa ne yake cike gurbin da abin da ya san ya kamata ya kasance a wurin. Kuma yawanci daidai yake faɗa, don mutumin da ya yi rayuwarsa yana karatu ya san inda magana za ta tun kafin ta isa. Idan ya cike da abin da bai zauna ba, sai ka ga idon ya koma baya da sauri ya ɗauko abin da ya bari, ya gyara, ya wuce. Wurin da ya fi ba shi wahala shi ne idan ya kai ƙarshen layi zai dawo farkon na gaba. A nan sai idon ya ɗan yi lalube. Sau ɗaya ma layuka biyu suka fara da kalma iri ɗaya, ya sauka a na ƙasa ya bar na sama, amma da yake labari ne sai ya ji maganar ba ta haɗu ba, yarinya tana kicin sai ga ta a bakin teku, ya ce kai, wannan aljana ce, ya koma ya nemo layin.

Nan take na tuna da sanarwar Dudu. Na tashi na je na laluba aljihun shuɗiyar rigar, na sami takardar sanarwar Dudu a ninke. Da can kin san da hannu ake rubuto masa sanarwa, manyan baƙaƙe, kowa da irin rubutunsa. Yanzu a shagon buga takardu ake yi, a matse komai a shafi ɗaya, baƙaƙe ƙanana kamar tururuwa, layi a kan layi. Kuma kowane layi da kalma ɗaya yake farawa, iyalan wane, iyalan wane, iyalan wane, har ƙasa. A labari in ka tsallake layi maganar za ta karye ka gane. A jerin dangi kuwa ba abin da zai karye, daga wannan gida ka faɗa wancan, duk daidai ne a kunne. Ni kaina da idona na yarinya sai da na sa yatsa kafin na bi su. Layin Alhaji Hamagabdo yana nan a tsakiya, tsakanin layuka biyu masu kama da shi kamar tagwaye.

Na yi ta juya yadda zan faɗa masa, na kasa. Sai na ɗauko kwalin sukari na warware shi, na yanke 'yar taga doguwa a tsakiya da rezar Nenne, daidai faɗin layi ɗaya. Na ɗora a kan shafin littafin na miƙa masa, kaina a ƙasa. Ya juya kwalin gaba da baya, ya gane nufina tun ban buɗe baki ba. Ransa ya ɓaci, Goggo. Ya ce shi da ya koya wa rabin garin nan abacada, har da ubana da ya sha bulala a kan haɗa baƙi, yau shi za a ba kwali kamar ɗan aji ɗaya. Ya ce in kai wa masu cewa kansa ya juye, su liƙa a bakinsu. Ban san inda na sami ƙarfin hali ba, na ce masa ni ban ce kansa ya juye ba, kansa ne ma ya yi wa idonsa sauri, shi ya sa idon yake tsalle don ya kamo shi. Na faɗa masa duk abin da na gani. Ya kalle ni, sannan ya ce ashe Sunkuyau tana da ido, shi da yake zaton a ƙafarta Allah ya dasa mata su.

Bai yarda da kwalin a ranar ba. Amma na bar shi a cikin littafin, na bar littafin a kan kujerarsa, na yi kamar na manta. Washegari ina tankaɗe na jiyo shi daga baranda yana kirana, wai in zo in gaya masa ko yarinyar nan tana da iyaye, da za a bar ta tana sauraron matuƙin jirgi, mutumin da ba shi da adireshi. Ya ce kowa ya san malamin makaranta ne mijin aure. Na leƙa, kwalin yana kan shafi, yana jan shi ƙasa da babban yatsa layi bayan layi. Tun daga ranar kullum bayan la'asar muke zama, shi yana karantawa ni ina sauraro, muna gardama. Ni ina bayan matuƙin, don yana da idanu kalar sararin samaniya kuma ya iya shiru. Kaka ya ce shirun rashin abin faɗa ne.

Ana haka Malam Bobbo, shugaban gidan rediyon, ya zo gaishe shi. Ya ce mutane sun dame shi da tambaya, wanda ya maye gurbin Kaka yana karanta sunayen mutane kamar sunayen magani, bai san wa ya haifi wa ba. Kaka ya ce zai koma sau ɗaya, ya gyara da bakinsa abin da ya ɓata da bakinsa. Ya faɗa a gaban Baba cewa in ya sake tsallake ko da suna ɗaya, a rufe akwatin nan a kai shi Gabon ko bayan Gabon, ba zai yi musu ba. Sai ya juyo ya ce amma da sakatariyarsa zai tafi. Na waiga ina neman sakatariyar, ashe ni ce.

Na sake kwafe sanarwar Dudu da hannuna, manyan baƙaƙe, kowane gida da layinsa, da fili a tsakani, na kuma sa sunan mai gidan a farkon layi don kada su yi kama da juna. Ranar Juma'a da hantsi ya sa shuɗiyar riga muka tafi. Ban taɓa shiga ɗakin ba. Ɗan ƙarami ne, an liƙe bango da kwalayen ƙwai, sai wata jar fitila. Da ta kama, alamar an fara watsa shiri ke nan, sai Kaka ya ɗora kwalin a kan takardar. Ya fara a hankali, gida bayan gida, ni kuma idona yana kan nasa. Da tagar ta sauka a kan layin Alhaji sai idon ya tsaya, ya daɗe, ya daɗe, ɗakin ya yi tsit, Malam Bobbo ya dafe kai ta bayan gilashi. Na ce shi ke nan, an tafi da Kakana. Ashe numfashi yake ja. Ya kira Alhaji Hamagabdo, kawun amarya, sannan ya ɗaga kai daga takardar gaba ɗaya ya kira sunan uban Alhajin da na kakansa, da rugar da suka taso, da irin jajayen shanun da aka san gidansu da su, duk daga ka, ba ko ɗaya a rubuce. Ya koma kan takarda ya sauke sauran sunayen har ƙasa, bai bar kowa ba.

Da na ɗauka ya gama sai ya ce yana da sanarwa ɗaya da ba a biya ba. Ya ce jama'a su sani wancan karon idonsa ne ya yi tsalle kamar maraƙin da aka kwance, yana ba Alhaji da amarya haƙuri, amma kai yana nan inda Allah ya ajiye shi, kuma jikarsa Jaratu ta ɗaure maraƙin da igiyar kwalin sukari. Ya ƙara da cewa masu 'ya'ya maza kada su wahalar da kansu, an riga su. Goggo, sunana a rediyo! Na dawo gida mayafi har haɓa, na wuni ban fita ko ƙofar gida ba. Kafin la'asar yara suka shigo da gudu suna cewa an ga karsana ana kora ta gidan su Dudu, Alhaji da kansa yana biye da sanda. An sa bikin sati mai zuwa, Dudu ta ce ita za ta ɗinka mini kaya kyauta. Baba kuwa ya sayo goro ya shiga ɗakin Kaka, ya daɗe a ciki. Ban ji me suka ce ba, na dai ga ya fito yana share fuska da hula.

Ba zan ɓoye miki ba, Kaka ya tsufa. Karatunsa ya ragu da sauri, abin da yake gamawa kafin shayi ya huce yanzu sai an sake ɗumama shi, har Malam Bobbo ya rage waƙar da ake sawa don lokacin ya isa. Idon yana gajiya da wuri, in hadari ya rufe rana sai mu ajiye littafi. Amma ya koma aikinsa, ni nake kwafe masa sanarwa kafin ya tafi, kuma tun ranar bai tsallake kowa ba. Akwatin dai har yanzu yana ƙasa, don Baba ya ce ke ce babba, ke kika yanke magana, ke kaɗai za ki warware ta. Shi ya sa nake roƙonki. Ki zo bayan Sallah, wallahi muna kewarki, ki zauna a baranda ki kalli idonsa da kanki yana karatu. In kin ga a kai shi likita a duba shi a dawo da shi, to. Amma kada ki raba shi da garin da ya san sunan kakan kowa, ki kai shi inda ba wanda zai kira. In za ki taho, ki riƙo mini alƙalami mai kaurin baki, irin baƙin nan, don nawa ya kusa ƙarewa.

Ki gaishe mini da Bappa Hayatu da kyau, da Adda Fanta da jaririnta, da Sali da Ummul, ki ce wa Ummul ina nan ina ajiye mata ɗankunnen da ta manta. Nenne tana gaishe ki, ta ce za ta shanya miki kifi. Baba yana gaisuwa. Kaka ma yana gaishe ki. Ya ga ina rubutu ya tambaya ko wa matuƙin jirgi nake rubuta wa, na ce ke ce. Ya ce to in gaya miki Allah ya yi miki albarka, amma ba inda za shi sai ya ga wanda 'yar mai burodi ta aura, kuma a yadda yake karatu yanzu abin zai ɗauki lokaci. Ban faɗa masa ba tukuna, Goggo, amma littafin kashi uku ne, na farko muke kai.

Taki har kullum, mai jiran amsarki da zuwanki,
Jaratu Bakari.